Goɗiyar Dogo da Tsohuwar Akuya

Ƙawata, ɗan ajiye abin da ke hannunki ki ji wannan.

Akwai wani mahayin doki da ake kira Dogo, sana'arsa shiga gasar tsallake shinge. Goɗiyar da yake hawa ba tasa ba ce, ta mai bargar da yake wa aiki ce, amma a hannunsa ta girma, shi ya fara ɗora mata sirdi.

A ɗakin goɗiyar akwai wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho. Tun goɗiyar tana ƙarama suke kwana tare, su ci a kwano ɗaya. In an fita gasa, har da akuyar ake lodawa a mota.

Sauran mahaya suka sa Dogo a gaba da tsiya. "Ga angon akuya nan! Dogo, yau kai za ka hau ko gwaggon taka?"

Yana dariyar yaƙe, amma abin na cinsa. Ana saura 'yan makonni babbar gasa, ya ja akuyar ya kai wa mai kawo musu ciyawa, ya ce ya ba shi kyauta.

Daga nan goɗiya ta canza. Ta bar cin dusarta, sai kai da komo a ɗaki tana haniniya, gumi na keto mata ba gudu ba aiki. In sun doshi shinge sai ta turje. Dogo ya sa ƙaimi, ya sa bulala, abin sai ƙaruwa yake. Likitan dabbobi ya duba ƙafa, ya duba haƙori, ya ce jikinta ƙalau.

Mai barga ya kira shi ya ce, "In ta turje a gasar nan, zan karɓe ta in ba wani mahayin. Ka ji na faɗa maka."

Dogo ya koma gida. Ya tarar da mahaifiyarsa a kan darduma, kwanon abincinta na gefe ko rabi ba ta ci ba. Tun rasuwar mahaifinsa ya ɗauko ta daga tsohuwar unguwarsu, ya gyara mata ɗaki mai fanka da labule sabo.

Ya zauna ya zayyana mata komai. Ta saurara tana jan carbi, sannan ta ce, "Ina akuyar nan da kake ba ni labari?"

"Na bayar, Inna. Dariya ake mini."

"To ita goɗiyar, ka shawarce ta?"

Ya yi murmushi. "Inna ke nan. Dabba ce fa. Abinci mai kyau take samu, ɗakinta tsaf."

"Ni ma ɗakina tsaf," in ji ta a hankali. "Ba abin da ka rage ni da shi, Allah ya yi maka albarka. Amma da maƙwabciyata muka saba cin abinci, tana mitar gishiri ina mitar gwiwa. Tun da na zo nan, loma ba ta wuce mini yadda ta saba."

Dogo ya dubi kwanon, ya dubi fuskarta.

Washegari ya je wajen mai ciyawa. Mutumin ya ce, "Ɗauki abarka, malam. Ta cinye mini igiyar shanya, kuma kukanta ya hana yarana barci."

Da ya shigar da akuyar barga, goɗiya ta sunkuyar da kai ta daɗe tana shinshinar ta. Kafin ya gama share ɗakin, ya ji ƙarar tauna a bayansa. Ya rataye bulalar a ƙusa, bai sake ɗaukar ta ba.

Ranar gasa ya sauko da akuyar daga mota a gaban kowa. Wani ya ce, "An dawo da amarya ke nan?"

"An dawo da ita," in ji Dogo. "Ku matsa mata ta wuce."

Goɗiya ta shiga fili kunnuwa a gaba, numfashi a kwance. Ta tsallake shingayen duka, ko sanda ɗaya ba ta kayar ba. Wani ya riga su da ɗan lokaci, suka zo na biyu. Mai barga ya dafa kafaɗar Dogo ya ce, "Ci gaba da hawan abarka."

Da yamma Dogo ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa.

"Inna, ɗauko mayafinki. Sa a zuba abincin a kwano babba, mu je ku ci da maƙwabciyarki."

Darasi: Cikar ciki da kyan ɗaki ba su isa ba in zuciya ba ta kwanta ba, ga dabba balle ɗan Adam. Kada dariyar mutane ta sa ka raba wani da abin da ke sanyaya masa rai. Ki tura wa 'yan uwa su amfana, ƙawata, amma in kin gane mai akuyar, don Allah ki bar shi a cikinki.