Zaƙin da Kiyashi Ya Ƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta.

Kun taɓa ganin kiyashi ya juya wa zaƙi baya? To, a wani ɗakin bincike akwai wata farar ɓera, Tabawa, keji ɗaya da ɗanta na fari. Kullum wani mai farar riga yakan ajiye musu ruwa mai zaƙin da ba na sukari ba, don ya ga yadda zai yi da cikinsu.

Tabawa mai kunyar ɗan fari ce, ko sunansa ba ta faɗa. Sai ta riƙa tura masa rabonta a ɓoye.

Kiyashi ya zo ya sansana, ya kauce. Ya ce, "Iya, kaf danginmu ba mai lasar wannan."

Ta ce, "Baƙin ciki dai, ɗan mitsitsi! In ban ba wancan yaron wannan ba, me nake da shi?"

Bayan mako shida cikin yaron ya kumbura, fitsari ya ɗauke. Aka zo aka fita da shi.

Ta ce, "Malam Kiyashi, don Allah bi shi."

Ya je ya dawo. "Iya, ya rasu. Hanta da ƙoda duk sun lalace. Masu farar riga suna ta mamaki, wai kamar rabon biyu ya sha."

Tabawa ta tusa kai cikin dusa, kada a ji kukanta.

Irin wannan zaƙin har a lemon gora akan zuba shi. Ku karanta rubutun jikin gora kafin ku miƙa wa yaro. Ƙurunƙus, kan farar ɓera.