Hantar Sarkin Pawa Jatau

Ku gyara zama, ku ajiye hirar da kuke yi. In na kai ƙarshen labarin nan ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A garin Gangaren Dutse an yi wani Sarkin Pawa mai suna Jatau, mutum mai faɗin ƙirji da taurin kai, wanda in ya ce a'a ko hakimi sai ya lallaɓa shi. Yana da 'ya'ya maza uku, Sallau da Ilu da Mamuda. Dukkansu mahauta ne, dukkansu kuma sun gado taurin kan uban.

Wata shekara ciwon ciki ya kayar da Jatau. A asibiti aka ce tsakuwa ce ta cika masa maɗaciya, aka yi masa tiyata aka cire ta. Garin cirewa wuƙa ta taɓa siririyar hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta ya sauka hanji. Likitoci suka ɗinke wurin, suka ce ya riƙa dawowa ana dubawa. Jatau ya warke, ya koma mahauta, bai sake taka ƙofar asibiti ba. Shekaru suka shuɗe har mutane suka manta an taɓa yi masa aiki.

Sai ƙaiƙayi ya fara, irin wanda mutum zai sosa har jini ya fito bai ji sauƙi ba. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja kamar shayi. Zazzaɓi mai rawar sanyi ya riƙa zuwa yana tafiya. Mai kemis ya ce maleriya ce. Tsofaffi suka ce shawara ce, aka yi ta dafa masa saiwoyi. Wasu suka ce maƙiya ne suka yi masa jifa saboda sarauta. Jatau ya sha duk abin da aka miƙo masa, yana ramewa, yana kuma fita mahauta kullum don kada a ce ya kwanta.

Sallau, ɗan farinsa, shi ne ya ƙi yarda. Shi ya yi jinyar uban lokacin tsohuwar tiyatar, kuma bai manta da gargaɗin likitoci ba. Ya lura duk ranar da zazzaɓin ya taso uban kan dafe haƙarƙarinsa na dama, daidai tabon. Ya faɗa a gida aka ce ya yi shiru. Ya faɗa wa baffanninsa suka ce yana son tona asirin sarki. Ran nan sai ya faɗa a tsakiyar mahauta, gaban manya da yara.

Ya ce, “Baba, wannan ba shawarar saiwa ba ce, ba kuma jifa ba ne. Ɗinkin nan ne na da. In ba a duba shi ba, mu da kanmu muke kashe ka.”

Kun san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ranar Jatau ya kira shi, da ƙarfi. “Sallau! Ni za ka tozarta a gaban yarana? Fita daga mahautar nan, kada in sake ganin ƙafarka.”

Sallau ya fita, ya rasa rumfarsa da masu sayen namansa, amma bai janye maganarsa ba. Kowace safiya yana zaune a ƙofar gidan uban, in ya fito ya gaishe shi, ya maimaita masa maganar nan. Har Jatau ya gaji ya ce zai je asibiti don kawai ya ƙaryata shi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Sai ga shi wurin ɗinkin ya tsuke, ruwan maɗaciya ya rasa hanya yana komawa cikin hanta, yana ruɓewa, yana cin ta a hankali. Da ba a gano ba, da an ci gaba da dafa saiwa har ranar jana'iza.

Ba a jima da ganowa ba zazzaɓin ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba, Jatau ya fita hayyacinsa. Likitocin wannan asibiti suka gaya wa iyalinsa gaskiya: ba su da kayan aikin da za su buɗe hanyar, inda ake da su kuma akwai nisa, da wuya ya kai da rai. Dangi suka haɗu suka ce a mai da shi gida ya cika a ɗakinsa.

Ilu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Wanda zai kai shi gida sai ya bi ta kaina. In mutuwa ce ta same mu a hanya muna tafiya, ba muna zaune muna jiranta ba.”

Baffanninsa suka ce in uban ya mutu a mota alhakin yana wuyansa har abada. Ya ce ya ɗauka. Ya kwantar da shi a bayan motar da yake ɗauko shanu, ya kama hanyar babban birni. Can aka soka wa Jatau siririyar roba ta tsakanin haƙarƙari har cikin hanta, ruwan da ya taru ya riƙa fita yana zuba a leda. Zazzaɓin ya sauka, ya buɗe ido.

Amma robar nan aiki ce. Sai an wanke ta, an zubar da ledar, an tsare ta kada ta toshe ko ta zame. Jatau kuwa duk lokacin da ransa ya ɓaci sai ya kai hannu zai fizge ta, yana cewa shi ba akuya ba ne da za a ɗaure da igiya. Ilu ya koyi aikin wurin ma'aikatan jinya, ya tare a gefen gadon uban wata da watanni, yana shan zagi yana riƙe masa hannu. Kasuwancin shanunsa ya watse. Matarsa ta haihu aka yi suna ba ya nan. Da bai tsaya ba, da Jatau bai kai lokacin da za a yi zancen magani ba.

Da ƙarfinsa ya ɗan dawo, likitar da ke duba shi ta tara su. Ta ce an yi ƙoƙarin faɗaɗa hanyar, amma hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri, shi ya sa cikinsa ke tara ruwa. Abin da ya rage shi ne dashe: a yanko wani sashe na hantar mai lafiya a sa masa, kuma sai an fita ƙasar waje. Mahautan gari suka ɗauki nauyin tafiyar, wannan ba ya cikin gardamarmu. Aka gwada 'ya'yan. Jinin Sallau bai dace ba. Ilu aka tarar tasa hantar ba ta da ƙoshin lafiyar da za a taɓa ta. Sai Mamuda, autansu, wanda bai daɗe da aure ba.

Likitar ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce hanta tana tofowa, amma akwai waɗanda aka kwantar don su bayar ba su tashi ba. Surukansa suka ce in ya tafi za su ɗauke 'yarsu. Uban da kansa ya fi kowa ƙi.

Ya ce, “Ban haife ka don a feɗe ka saboda ni ba. Na ci zamanina.”

Mamuda ya ce, “Baba, hantar tawa ce, ni ke da iko da ita, kuma na bayar. In ka ƙi karɓa, kai za ka dubi idon Yaya Sallau da Yaya Ilu ka ce musu wahalarsu ta tashi a banza.”

Jatau ya juya fuska bango. Daga baya ya ce a shirya tafiya. Aka yi aikin. Uban ya farfaɗo kafin ɗan, don Mamuda ya sha fama da ciwon da ya biyo baya, ya dawo gida da tabo daga ƙirji har cibiya, ya tarar da ɗakin amaryarsa a rufe. Da bai bayar ba, da ganowa da jinyar duk sun ƙare a kabari.

Jatau ya dawo Gangaren Dutse da ƙafafunsa, idonsa fari tas. Sai dai likitoci sun ce magungunan da zai riƙa sha har ƙarshen ransa suna rage wa jiki ƙarfin kare kansa, don haka shi da jini da ɗanyen nama sun rabu. Ya tara mahauta ya ce, “Ku shaida, ciwo bai kore ni ba, mutuwa ma ta zo ta koma. Ni na ga dama na sauka.” Ya zare wuƙar sarauta ya ajiye a kan tabarma, ya ce a ba ɗan da ya cece shi.

Nan mahauta suka rabu uku. Aka koma wurin Jatau ya raba gardama, ya ce shi duk wanda ya duba a cikinsu sai ya ga ransa a hannunsa. Wuƙar tana nan kan tabarma, ba wanda ya ɗauka.

To, jama'a, ga Sallau da ya gano ciwon aka kore shi a kansa, ga Ilu da ya hana a sallama uban ya riƙe shi har magani ya samu, ga Mamuda da ya kwanta aka yanki jikinsa. Wanne ne a cikinsu za ku miƙa wa wuƙar nan?