Garma Mai Share Hanya

Akwai wani mutum a nan Dubai, sunansa Abdulganiyyu. Amma in ka je unguwar Al Quoz kana tambayar Abdulganiyyu, yini za ka yi kana yawo a rana. Ka ce Garma, yanzu a nuna maka shi.

Mutumin Gumel ne. Kokawa ya yi a gida tun yana saurayi, har wuyansa ya haɗe da kafaɗarsa. Da ya zo ƙasar nan dako ya fara a wani sito, yana loda firji da janareta a kwantena. A nan wani koci Ba'amurke ya gan shi ya rungumi injin wanki shi kaɗai kamar wanda ya ɗauki jariri, ya ce wannan ƙarfin asararsa ake yi.

Haka Garma ya shiga ƙwallo. Ba irin tamu ta ƙafa ba, ta Amurkawa. Ƙwallon mai tsini biyu ce kamar gwanda. A sa hular kwano, a sa sulke a kafaɗa, mutum ya rungumi ƙwallo ya ruga, 'yan ɗaya ɓangaren su bi shi su kayar. In ya tsallake layin ƙarshe da ita a hannu, an ci.

Ƙungiyar ta wani Balarabe ce mai harkar kago, wato jigilar kaya. Ita ke ba Garma albashi, ita ke riƙe da bizarsa. Ku riƙe maganar bizar nan, don a kanta zamansa ya rataya. Ran da ƙungiya ta ce ta gaji da shi, ran nan zai fara haɗa jaka.

Aikinsa fulbak ake ce masa. Kar sunan ya ruɗe ku. Kun san in babban ɗan kasuwa zai ratsa Kantin Kwari ana gobe Sallah, akwai ƙaton da yake shiga gaba yana “hanya, hanya,” yana ture mutane da kafaɗa? To, shi ne. Mai ƙwallo yana baya, Garma yana gaba. Duk wanda ya taso zai kayar da mai ƙwallo, Garma zai tare shi da ƙirji ya kau da shi, ƙofa ta buɗe, na baya ya wuce.

Shi ake duka, wani ake ɗauka hoto. Shekara da shekaru, bai taɓa tsallake layin nan da ƙwallo a hannunsa ba.

Kuma jiki ya fara magana. Da asuba sai ya zauna a bakin gado ya jira gwiwoyinsa su yarda kafin ya tashi alwala. Kafaɗar dama ta daina ɗaguwa sosai, kabbara ma rabi da rabi yake yi. Matarsa Mahfuza tana Kano da yara, in ta kira shi ta bidiyo sai ta ƙura masa ido.

“Baban Ummi, wai har yaushe za a yi ta dukanka?”

“Har su Ummi su gama makaranta.”

“In ka dawo mana a keken guragu fa?”

“Sai ki tura ni. Ai kin daɗe kina neman inda za ki juya ni yadda kike so.”

Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A sana'ar tasu akwai wata al'ada. Mai ƙwallo yakan dafa bayan fulbak da tafin hannu in sun tashi, ya bi shi a hankali. Ta hannun nan yake jin inda na gaba zai karkata, dama ko hagu. Ba ya sakin gudu sai ƙofa ta buɗe. Duk masu ƙwallon da suka wuce ta bayan Garma haka suka yi.

Sai aka kawo sabon mai ƙwallo, Kamal.

Kamal ɗan wani Alhaji ne mai shago a unguwar Deira. A nan ya tashi, Hausarsa rabi Turanci rabi Larabci. Gudu kuwa, a gaya gaskiya, Allah ya ba shi. In ya sami fili kamar barewa. Ga kyau, ga mabiya a waya, ga gashi da ake gyarawa duk mako.

Ranar farko a wajen atisaye Garma ya juya ya ce masa, “Ƙanina, dafa bayana.”

Kamal ya dube shi sama da ƙasa.

“In dafa ka? Habibi, makaho ne ni da zan riƙe ɗan jagora?”

'Yan wasa suka kwashe da dariya. Garma ya ce, “Ba makanta ba ce. Ka jira ni in buɗe, sannan ka wuce.”

“In jira ka? Baba, kafin ka ɗaga ƙafa ni na je na dawo na sha shayi. Yalla, matsa.”

Haka aka yi ta tafiya. Garma yana gaba yana tare mutane, Kamal yana baya yana ƙorafi. Sau da yawa sai ya gaji da jira ya wuce Garma tun ƙofa ba ta buɗe ba, ya faɗa hannun ƙarti. In ya tashi sai ya ce tsohon nan ne ya tare masa hanya. In kuma ya ci, ya tsaya gaban kyamara yana nuna ƙirjinsa, ko waiwaye ba ya yi ya ga wa ke kwance a bayansa.

Garma bai taɓa tanka masa ba. Ba don ba ya jin zafi ba. Gajiya ce ta fi ƙarfin faɗa.

Ana cikin haka, kakar wasa ta zo ƙarshe, koci ya kira Garma ofis. Ya yi ta kame-kame, sannan ya fito da ita. Kamal ya ce ya fi son a bar shi shi kaɗai a baya. Zamani ya canja, manyan ƙungiyoyi ma sun rage amfani da fulbak. Mai ƙungiya kuma yana jin maganar Kamal, don shi ke kawo 'yan kallo. Wasan ƙarshe na ranar Asabar, Garma zai zauna a benci. Bayan nan, khalas, an gama, ba za a sabunta masa biza ba.

Garma ya ce, “To. Na gode.”

Ya fito ya zauna a inuwar wata kwantena. Bai kira Mahfuza ba. Me zai ce mata? Sito ba zai sake ɗaukar mai kafaɗa ɗaya ba.

Abokinsa Godfrey ya same shi a nan. Mutumin Jos ne, ƙato, yana cikin 'yan wasansu masu tsayawa a layin gaba, kuma ɗakinsu ɗaya da Garma.

“Oga Garma, na ji abin da yaron nan ya yi. Kai, in ni ne, da na zauna a kansa har sai ya kira sunan kakarsa.”

“Bar shi, Godfrey.”

“Kullum bar shi, bar shi! Abincin yaranka ya taɓa fa.”

“Na sani. Ni dai barci nake ji.”

Ranar Asabar da la'asar fili ya cika. An ce wani Bature ya taso daga Turai musamman don ya ga Kamal, in ya yi masa ya tafi da shi babbar ƙungiya. Alhaji uban Kamal yana sahun gaba da abokansa.

'Yan ɗaya ɓangaren suna da wani ƙato da ake ce wa Tanka, aikinsa kawai farautar mai ƙwallo. Da can Garma ne yake tare shi. Yau babu Garma.

Aka miƙa wa Kamal ƙwallo, bai yi nisa ba Tanka ya ɗauke shi ya maka da ƙasa. Aka sake, aka sake maka shi. Na gaba har hularsa ta cire ta gangara. Gudun yana nan a ƙafarsa, amma ina hanyar? Kowace ƙofa a rufe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, Baturen nan ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fice. Kamal ya gan shi yana fita.

Garma yana benci yana kallo. Ya zaci zai ji daɗi. Bai ji komai ba sai ciwon kafaɗa.

Aka zo ƙarshen wasa. Su Godfrey sun yi ta fama har sun kawo ƙwallo dab da layi, saura ɗan taƙi. An ɗan fi su ci, kuma dama ɗaya ta rage. In an tsallake, kofi nasu ne. In an kayar da mai ƙwallo, an tashi. Kowa a filin ya san Kamal za a ba, kuma kowa ya san Tanka yana jiransa.

Koci ya waiwaya benci. Kunya ta hana shi haɗa ido.

“Garma. Yalla.”

Ya tashi a hankali, ya sa hularsa. Yana shiga, Godfrey ya raɓo shi, ya yi ƙasa da murya.

“Oga, Allah ya kawo maka shi har gida. Ka ɗan kauce shwaiya kawai, ka ce santsi ne. Bari Tanka ya koya masa hankali. Ba wanda zai gane. An riga an kore ka, don me za ka ba da kafaɗarka?”

Garma ya gyara hularsa. Maganar ta shige shi, kar in yi muku ƙarya. Ya duƙa a wurinsa, ya hango idon Tanka ta cikin hula. Ya san da wace kafaɗa zai tare shi, ta daman ce, wadda ta riga ta gaji. Ya tuna ɗan jagora. Ya tuna “Baba, matsa.” Ya tuna Mahfuza da bai kira ba. Kaucewa kaɗan, shi ke nan. Ya koma gida da kafaɗarsa ko ba komai.

Sai ya ji hannu a bayansa.

Tafin hannun Kamal ne, a tsakiyar baya. Har ta cikin riga yana jin sa. Murya ta fito daga baya, ƙasa-ƙasa, babu Turanci babu Larabci.

“Yaya, don Allah.”

Garma ya yi ajiyar zuciya. Ashe duk tsiyar nan yaro ne. Ɗan wani ne, uwarsa tana can tana jiran ya dawo da ƙafarsa.

“Kar ka sake ni sai ka ga haske,” ya ce.

Aka saki ƙwallo. Garma ya tashi, hannun yana bayansa. Ya karkata dama, hannun ya bi shi. Tanka ya taso da dukan ƙarfinsa, Garma ya sa kafaɗa ya tare shi. Ƙarar da aka ji, har 'yan kallo sai da suka dafe ƙirji. Wani abu ya ɓalle a kafaɗar, Garma ya ji shi sarai, amma bai tsaya ba, ya ci gaba da turawa har Tanka ya kauce.

Hannun ya bar bayansa. Kamal ya wuce.

Fili ya kaure da ihu. Garma yana kwance yana kallon sama, yana jin ihun kamar daga wani gari. Ya san yanzu an ɗaga Kamal sama, ana hoto. Haka aka saba.

Sai ya ga fuska a kansa. Kamal ne, ya ture masu ɗaga shi ya dawo, ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari da hantsi Garma yana gadon asibiti, hannun dama a rataye. Likita ya riga ya gaya masa: wasa ya ƙare, kafaɗar nan ba za ta sake tare kowa ba. Godfrey yana gefe yana cin ayabar da aka kawo wa mara lafiya.

Kamal ya shigo, koci yana bayansa. Yau babu gyaran gashi.

Koci ya ce Kamal ya je har gidan mai ƙungiya ya janye maganarsa, ya ce ƙarya ya yi, duk cin da ya taɓa yi a bayan Garma ya yi shi. Wasa dai ba zai yiwu ba. Amma ana son Garma ya zauna ya koya wa matasa yadda ake share hanya. Za a sabunta biza.

Garma ya dubi Kamal. Sannan ya ce, “Baturen fa?”

Kamal ya sunkuyar da kai. “Ya tafi, Yaya. Ba zai dawo ba. Ni na kore shi da bakina.”

Godfrey ya ce, “Da ka dafa tun farko, da yanzu kana can Turai kana shan sanyi.”

“Godfrey, bar shi.”

“Ka ji ko? Har a gadon asibiti bar shi!”

Kamal ya buɗe jaka ya fito da ƙwallon da aka ci kofi da ita, ya ɗora a cinyar Garma. Garma ya sa hannun hagu ya ɗaga ta, ya juya ta, ya jinjina.

“Ashe ba ta da nauyi,” ya ce. “Duk shekarun nan, a kan wannan 'yar abar ake dukana.”

Ya ajiye ta kusa da matashi, ya ce Godfrey ya miƙo masa waya. Yanzu yana da abin da zai gaya wa Mahfuza.

Darasi: Duk inda ka ga ka wuce salin-alin, waiwaya, akwai wanda ya sha duka ya buɗe maka. Kar ka raina shi, kar ka taɓa abincinsa, don ranar da ya matsa za ka san ƙofar ba da kanta take buɗewa ba. Kai kuma da aka wulaƙanta, in ramuwa ta zo hannunka ka riƙe amanar aikinka, Allah yana gani ko kyamara ba ta gani ba. Ku tura wa wanda ya taɓa share muku hanya, ku tura wa wanda ya manta da nasa.