Kafar da Aka Huda a Gindin Rumbu

Akwai wani maigida mai babban rumbu, wanda maƙwabta suke kawo masa ajiyar hatsinsu. Ya raba cikin rumbun da siraran bangayen laka, kowane gida da ɗakinsa. Shi kaɗai yake hawa ya buɗe ta sama. Mai son hatsi yakan tsaya a ƙasa da ƙwaryarsa, maigida ya duba ɗakinsa ya ɗebo masa. Aikin akwai jinkiri, amma ba a taɓa jin hatsin wani ya shiga na wani ba.

Maigidan yana da ƙane, mutum mai gaskiya, sai dai ba ya son jira. Ya roƙa a huda masa kafa a gindin rumbun, daidai ɗakinsa, don ya riƙa zura sanda yana zaƙulo dawarsa da kansa. Maigida ya huda, ya ɗauko doguwar gora ya ba shi. Gorar ta fi ɗakin tsawo nesa ba kusa ba, ga wuƙa a ƙugunsa, amma bai datse ta ba. Cewa kawai ya yi, "Kada ka tura ta fiye da rabi, bangon baya ba shi da ƙwari."

Ƙanen ya kiyaye. Da tafiya ta kama shi, sai ya bar wa matarsa gorar, gargaɗin kuwa ya tafi da shi a cikinsa. Matar ba ɓarauniya ba ce. Da dawarsu ta yi ƙasa ta ƙara turawa, ba ta kuma ganin inda bakin gorar yake kaiwa. Ta ji wani abu ya rufta a ciki, hatsi ya sake zubowa, har ta gode wa Allah.

A bayan wannan bango, irin shukar wata gwauruwa ne, wanda ta hana kanta da 'ya'yanta ci don damina. Rani duka yana tsiyaya ta ɓarakar, ana tuƙa tuwo da shi a gidan ƙanen.

Da ruwan shuka ya sauka, gwauruwar ta zo da ƙwaryarta. Maigida ya hau, ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba. Ta ce, "Maigida, lafiya?" Amsar da ya samu ya ba ta ita ce, "Ai na faɗa masa." Ƙanen ya ce shi bai taɓa wuce rabi ba. Matarsa ta ce ba wanda ya gaya mata komai. Dukansu gaskiya suka faɗa, gwauruwar kuwa ta koma gida da ƙwarya fayau.

Ma'anar wannan misali ita ce, gargaɗin da aka bari a baki ba katanga ba ne. Ku matasanmu masu rubuta manhajar kwamfuta kun riga ni sanin wannan. A cikin na'ura kowace manhaja da rabonta na ma'ajiya, kuma akwai uwar manhaja mai tsaron rabon kowa. In ta buɗe wa wani kafa ya kai hannu kai tsaye, dole a gina iyakar a jikin kafar, yadda ko wanda bai ji gargaɗi ba ba zai iya wucewa ba. In ba haka ba, ɓarnar takan faru shiru, ta fito daga baya a kan wanda bai san komai ba.

Mu ma haka muke yi, kuma abin yana ɓata mini rai. Dattijo yakan ɗauki asirin wani gida ya faɗa wa amininsa, ya ce kada ya wuce nan. Mukan ba ɗan'uwa iko a ikkilisiya, wato jama'ar cocinmu, ba iyaka, mu ce ai mun san halinsa. Halinsa muka sani, ba mu san hannun da abin zai koma gobe ba. Ranar da ta ɓaci kowa ya wanke kansa, mu taru mu yi wa wanda aka cuta addu'ar haƙuri.

Kafin ka miƙa wa wani gora, datse ta. Allah ba zai tambaye ka abin da ka faɗa ba, zai tambaye ka gonar gwauruwar nan da ta kwana ba shuka.