Iskar Alhaji da Iskar Buhu

Akwai ma'aunin da ke tona asirin zuciyar bawa tun a nan duniya. Yana ƙasan kujerar babur, kusa da salansa mai fitar da hayaƙi.

A Daura akwai wani ɗan acaɓa, Kalilu, da ya sa wa babur ɗinsa shokozoba mai iska, wadda ke rage girgizar hanya. Idan buhuna zai ɗauka, sai ya buga mata ɗan famfo ta yi tauri. Idan mutum ne, sai ya rage iskar, a tafi luf kamar a kan katifa.

Sai dai a wajen Kalilu ba kowa ne mutum ba. Mai babbar riga da ƙamshin turare ake durƙusa wa a rage iska. Sauran jama'a buhuna ne masu magana.

A lokacin yana neman auren Fadila, iyayenta kuma suna bincike a kansa. Ya shirya tsaf: sahun farko a masallaci, gaisuwa har ga wanda ba ya amsawa.

Ranar da danginta za su yanke shawara, ya kai wani Alhaji wani ƙauye a wajen Kongolam. Alhaji na sauka Kalilu ya cika shokozoba tam, don albasar da zai ɗauko. Mai albasa ya fasa. Sai wata tsohuwa siririya da ke zaune a inuwa ta ce ya kai ta Daura.

"Ɗan nan, na ga ka ɗura wa abin nan iska. Mayar da shi yadda Alhaji ya hau, bayana ba lafiya."

"Iya, hau kawai mu tafi."

"Na Alhaji dai nake roƙo."

"To ke Alhaji ce? In na sace iskar, ke za ki buga mini famfo gobe?"

Ta hau. Hanyar burji ce, kowane rami sai ya cilla ta sama ya caɓe. Ta yi salati, ta sake yi, daga nan ta daina. Kalilu ya ɗauka ta saba.

A cikin gari ta riƙa nuna masa hanya. Suka wuce Kusugu, ta ce ya karya dama. Lungun ya fara yi masa kama da wanda ya sani. Ƙofar gidan ma haka.

Mahaifin Fadila ya fito da sauri. "Yaya Murjanatu! Ai ke muke jira, ba a yanke komai sai kin zo."

Kalilu ya zube ƙasa. Hannunsa ya kai kan shokozoba, iska ta fara fita, fiii.

"Bar ta, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Na riga na iso."

A cikin gida aka shimfiɗa mata tabarma, ta ce a tsaye za ta yi magana.

"Yaron yana da ladabi, ya kuma san wanda yake ajiye wa. Fadila wata rana za ta tsufa a bayan babur ɗin nan."

Washegari aka mayar wa iyayen Kalilu kayan neman auren da suka kawo.

Darasi: Halin mutum ba a gaisuwar da yake yi wa manya yake ba, yana cikin ɗan sauƙin da yake hana wanda ya raina. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu famfo. Gwaggo Murjanatu dai a mota ta koma gida.