Waƙar Sabulu Mai Agwagwa

Akwai wani mutum a nan garinmu Magangue, Evaristo Pertuz, wanda kowa ke kira Farfesa, duk da ba a taɓa ganinsa a gaban allo ba. Karatun kiɗa ya je ya yi a Barranquilla yana saurayi, ya dawo da jita, da takarda mai hatimi, da wata irin tafiya ta ɗaga haɓa.

Muryarsa tana da daɗi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ko da yake ni ma in na kama waƙa a banɗaki har maƙwabta kan yi shiru, amma ba wanda ya taɓa ce mini Farfesa. Na bar wa Allah.

Duk ranar Alhamis da hantsi, Evaristo kan rataya jitarsa ya nufi gidan tsofaffi da sistocin coci ke riƙewa a bayan kasuwar kifi. Yana da dabarar zaɓen waƙa, kuma ba ya gajiya da koya wa wanda bai tambaye shi ba.

"Ka tambayi shekarun tsoho," in ji shi, "sai ka koma lokacin da yake ɗan sha bakwai, ka nemo abin da rediyo ke sakawa a shekarar. Ka sauke murya ƙasa, don maƙogwaron tsoho ba ya hawa tudu. Ka rage sauri. Amshi ya zama gajere. Shi ke nan, ko gawa sai ta motsa ƙafa."

Kuma dabarar tana ci. Don Aristides, tsohon matuƙin kwalekwale, ba ya iya tuna ko ya karya kumallo, amma da zarar jita ta ɗauka sai ya kawo baiti huɗu ba gargada, har yana kashe wa sista ido. Tsofaffin mata su riƙa juya kafaɗa a kan keken guragu.

Sai mutum ɗaya.

A bakin taga akwai wata tsohuwa 'yar shekara tamanin da huɗu, Doña Hermelinda. Ita ce mahaifiyar Evaristo, kuma saboda ita ya fara zuwa gidan. Ciwon mantuwa ya kama ta. Shekara biyu ke nan ba ta kira sunansa ba. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta ce, "Sannu, bawan Allah," ta mayar da ido kan cinyarta, tana murza gefen rigarta da hannu biyu kamar mai cuɗa wanki.

Likita ya gaya masa gaskiya. Ta rage cin abinci, jiki yana tafiya. Amma waƙa ita ce abu na ƙarshe da ke barin mutum. In ya samo tata, mai yiwuwa ƙofa ta ɗan buɗe ta gane shi, ko da sau ɗaya ne. Sai dai ya yi sauri.

Evaristo ya yi murmushi. Shi za a gaya wa waƙa?

Ya lissafa shekararta ta sha bakwai, ya kwaso duk abin da aka yi yayi a lokacin. Na soyayya, na rawar bikin kogi, na coci. Alhamis bayan Alhamis yana juyo da kujerarsa wajenta, yana sauke murya, yana rage sauri. Waƙa arba'in da uku ya gwada. Ɗaki ya ɗauki amshi, ita kuwa tana murza gefen riga.

Wata rana yana mayar da jita cikin jaka, Yulitza, nas ɗin da ke kula da ita, ta tsaya da kwanon miyar kifi da ba a taɓa ba.

"Farfesa, ka bar lissafin nan. Wace waƙa take yi a gida kana yaro?"

Ya ci gaba da tura jitar cikin jaka.

"Ba ta waƙa ne?"

"Tana yi," ya ce.

"To wacce?"

Bai sani ba. Abin da ya zo masa wani abu ne daban. Yana ɗan sha tara ya zo hutu tare da abokan karatunsa biyu. Suna zaune suna shan kofi, ita tana tsakar gida a gaban baho, tana wanki tana waƙa da iya ƙarfinta. Abokan suka dubi juna, ɗaya ya toshe baki. Evaristo ya leƙa ya ce, "Mama, don Allah ki daina. Kina kashe waƙar."

Ta yi dariya, ta share kumfa daga goshi, ta ce, "To, Farfesa."

Ita ce ta fara kiransa da sunan nan. Kuma daga ranar bai sake jin ta yi waƙa ba. Shekara talatin da bakwai, bai ma lura ba. Ya tuna bahon, ya tuna kumfar, ya tuna dariyar abokansa. Waƙar ce kawai ta ɓace masa.

Wa zai tambaya? Mahaifinsa ya rasu. Ƙanwar mahaifiyarsa ta rasu. Ya zauna yana bin sunaye, duk wanda ya kamo sai ya tarar yana maƙabarta. Saura mutum ɗaya: Doña Nicolasa, wadda ita da mahaifiyarsa suka yi shekara talatin suna wankin kuɗi tare a bakin kogi.

Ya same ta a ƙofar gidanta kan kujera mai lilo, tana shan taba, wutar a cikin baki, yadda matan wanki suka saba don kada ruwa ya kashe ta.

"Wa nake gani?" ta ce. "Mai majinar Hermelinda ne ya yi furfura haka?"

"Ina kwana, Gwaggo."

"Yau ka san hanya. Wa ya mutu?"

Ya gaya mata abin da ke tafe da shi. Ta cire tabar, ta dube shi tun daga takalmi har gashi.

"Waƙa? Ai uwarka ba ta iya waƙa ba. Kai ka faɗa. Har bakin kogi ta zo ta ba mu labari, tana dariya tana matse zanin gado. Amma ranar rogonta da cukunta ni na cinye, ita ko taɓawa ba ta yi ba."

"Gwaggo, na roƙe ki."

"Ka iya roƙo ashe. A makarantar aka koya muku?"

Ta bar shi a tsaye sai da ta gama tabar. Sannan ta ce ba wata waƙa ba ce ta a zo a gani, tallar sabulu ce. Sabulu mai hoton agwagwa, wanda aka daina yinsa tun kafin a kawo wuta unguwarsu. Ta gyara murya ta rera, kamar ana jan buhu a kan siminti:

"Mai agwagwa, mai agwagwa, fari tas, fari tas. Wanke riga, wanke wando, fari tas, fari tas."

Evaristo ya fito da takarda ya rubuta. Tun a hanya ya gane inda tsohuwar ta karkace. Wurin da murya ya kamata ta hau, ita ta faɗo. Ya isa gida ya gyara, ya miƙar da waƙar, ya sa mata kiɗa mai kyau.

Ranar Alhamis Doña Nicolasa ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ta sa rigar zuwa coci, ta zauna can baya ta harɗe hannu.

Ya buga. Wallahi ko masu sabulun ba su yi ta da daɗi haka ba. Tsofaffi suka fashe da dariya, suka kama amshi. Don Aristides ya ce matarsa ta taɓa jifansa da irin sabulun nan, har yanzu akwai tabo.

Hannun Doña Hermelinda ya ɗan tsaya. Evaristo ya matso da kujerarsa. Sai hannun ya ci gaba da murza riga.

Ya maimaita sau uku. Ba komai. Ya kwantar da jitar a cinya, ya zauna yana kallon igiyoyinta. Ba shi da ta arba'in da biyar.

"Ka gama?" Doña Nicolasa ce daga baya. "Wannan ta rediyo ce ka yi. Ba ta uwarka ba ce."

"Haka waƙar take, Gwaggo."

"Haka take a kanka. Ajiye katakon nan. Yarinya, ba shi tawul."

Yulitza ta miƙo masa tawul. Tsohuwar ta taso tana dogara sanda.

"Duk inda aka ce tas, ka maka shi a hannun kujera, yadda muke maka zane a dutse. Kuma inda kake miƙa wuya kamar zakara, ka faɗo ƙasa. Yadda na yi maka. Ka ɗauka kuskure na yi ko? Tata na yi maka, daƙiƙi."

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da tawul a hannu. Na farko maƙogwaronsa ya ƙi. Shekara talatin da bakwai yana horar da shi kada ya karkace, yau ya ce ya karkace, ya ƙi. Na biyu ya faɗo, amma da kunya. Na uku ya rufe ido, ya maka tawul, ya kashe waƙar yadda ya kamata a kashe ta.

Sai wata murya siririya ta shigo ƙarƙashin tasa.

"Wanke riga, wanke wando..."

Ya daina rerawa. Ita ta ci gaba, hannunta yana dukan cinya daidai wurin tas. Ta kai ƙarshe, ta ƙara da wani layi da babu shi a rediyo, babu shi a takardarsa:

"Wanke Varo mai majina, fari tas, fari tas."

Varo. Rabon da a kira shi haka, tun yana tsayawa tsirara a cikin baho.

 Ta ɗago kai, tana murmushi, ta dube shi sosai a karon farko cikin shekara biyu. Sai murmushin ya ɗauke. Ta waiga wajen ƙofa, ta kama wuyan hannunsa, ta rage murya.

"Bawan Allah, mu yi a hankali. Ɗana yana ɗaki. Ya yi karatun kiɗa, ba ya son ina yi."

"Mama, ni ne. Ni ne Varo."

Ta dubi furfurarsa, ta yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa mai zolaya.

"Mama, dube ni."

Ta sake waiga ƙofa.

Ya juya wajen Yulitza, ta sunkuyar da kai. Ya juya wajen Doña Nicolasa, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ya tarar tana kallon rufi. 

"Doña," ya ce, "ɗan naki ya fita. Ya ce in gaya miki ki yi ta yi. Ya ce yana son ji."

Ta girgiza kai, ta shafa bayan hannunsa, tana tausaya masa.

"Ba ka san shi ba ne," ta ce. "Amma in ya fita, to mu ƙara ɗaya."

Suka ƙara ɗaya. Ranar ta sha rabin kwanon miya.

Ta yi wata biyar bayan haka. Duk Alhamis Evaristo kan gama da sauran tsofaffi, ya jingine jita, ya ɗauki tawul. Kafin ta buɗe baki sai ya je ƙofa ya leƙa, ya dawo ya rantse mata cewa Farfesa ba ya nan. Wata rana ta yi, wata rana ba ta yi.

Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yi waƙa a gaban ɗanta ba. A gaban bawan Allah mai tawul take yi.

Darasi: Waƙar da tsoho zai amsa ba wadda ta fi daɗi ba ce, wadda ya rayu da ita ce, da karkatarta da kuskurenta. In kana da uwa ko uba da ke rera wani abu a tsakar gida, kada iliminka ya rufe musu baki. Ka zauna ka saurara, ka haddace yadda suke yi tun suna gane fuskarka, don akwai ranar da za ka neme ta ka rasa mai gaya maka. Ku tura wa 'yan'uwa. Ku kuma masu karantawa ku share hawaye ku wuce ba ku tura ba, bayan na sha wahalar rubutu da babban yatsa ɗaya, ina ganinku, kuma na san sunayenku.