Yadda Ruwan Dutsen Marke Ya Guje wa Gaisuwa

Dalilin da ya sa ruwan Dutsen Marke ya bar hanya mai sauƙi, ya koma yana jefa kansa daga gaɓar dutse, ba komai ba ne illa gaisuwa. Na ga ɗazu da muka hau kuna ta kallon juna. Ga hanya nan shimfiɗe a inuwar itatuwa, ko tsohuwa mai sanda ba za ta yi haki ba, amma ruwa ya ƙyale ta, ya je yana faɗowa daga sama yana ihu kamar wanda aka zuba wa barkono. To, ku gyara zama.

A da can, hanyar nan da kuka bi ta ruwa ce, shi ya lashe duwatsunta har suka yi santsi. Kullum da safe sai ya fito daga idonsa a ƙwanƙolin dutse, ya gangaro cikin kurmi a hankali, ba ƙara ba hayaniya, ya isa fadamar Tungar Kanya kafin rana ta yi zafi, masu lambu su tare shi su ba shukarsu. Ruwa ne mai ladabi. Ko kunkuru ya tarar a hanya sai ya ce masa barka da hutawa.

A Tungar Kanya kuwa akwai wani dattijo, Baba Kakale. Ba ya zagi, ba ya tsegumi, bai taɓa cin kayan kowa ba. Gaisuwa ce kawai Allah ya hore masa. In ya kama ka, zai tambayi iyalinka, da akuyarka mai tari, da rufin ɗakinka, da ƙafar kakarka, in ya kai ƙarshe ya numfasa ya ce, "To, ina gajiya?" ya sake ɗaukowa daga farko. Kuma kun sani, babba bai sallame ka ba, ba ka juya masa baya. Har ta kai mutanen gari in suka hango farar hularsa sai kowa ya faɗa zauren da ya fi kusa. Akwai wanda aka ce a rumbu ya wuni.

Da Baba Kakale ya ga duk lokacin da ya fito gari wayam yake, sai ya yanke cewa mutanen yanzu ba sa zaman gida. Ya naɗe tabarmarsa ya hau dutse neman wanda zai gaisa da shi. Ya sami inda hanya ta matse tsakanin manyan duwatsu, ƙarƙashin wani marke, ya shimfiɗa ya zauna. Bai daɗe ba sai ga Ruwa yana gangarowa.

Ruwa ya rage tafiya ya ce, "Barka da hantsi, Baba."

Nan ya yi kuskuren rayuwarsa. Baba Kakale ya gyara hula ya ce, "A'a, ɗan nan, barka kadai. Ina kwana? Ina sanyi? Ya ka baro mutanen sama? Kifayen fa, suna cin abinci?"

Ruwa yana ta lafiya lau, yana ta madalla, yana jiran a ce masa a sauka lafiya. Ba a ce ba. Wucewa ba dama, don dattijo ya cika hanya, kuma tsallake tabarmar babba ba tarbiyyarsa ba ce. Sai ya tsaya. Jikinsa ya yi ta taruwa a baya har kwaɗi suka zaci sabon tafki aka buɗe, suka fara kawo iyalansu. Sai da yunwa ta kori Baba gida sannan Ruwa ya samu ya lallaɓa fadama, ya isa bayan la'asar, da ɗumi, rana ta shanye rabinsa. Kashegari haka, wanshekare haka.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai ita ce Tabawa, matar ɗan Baba Kakale. Mijinta ya tafi cin rani ya bar mata lambun albasa a can ƙarshen fadama, kuma da albasar nan gidan yake ci, har da tsohon. Kafin guntun ruwan ya kai gare ta, na gaba sun shanye. Lawashi ya fara kwanciya, bakinsa yana yin ja. Ta ga in aka ƙara kwanaki a haka, sai dai ta tuge ta ba awaki.

Ta ɗaura ɗamara ta bi hanyar ruwa ta ga me ke tsare shi. Tana shan kwana sai ga surukinta a kan tabarma, ga Ruwa tsaye a gabansa yana amsa tambaya a kan lafiyar kaguwa. Ta durƙusa ta sunkuyar da kai ta gaishe shi, aka haɗa da ita, ba ta tsira ba sai da ƙafafunta suka yi sanyi.

Da yamma ta kewaya ta cikin kurmi ta hau har idon ruwan, ta same shi yana hutawa. Ta faɗa masa halin da albasarta take ciki, ta roƙe shi gobe ya wuce kawai. Ruwa ya ce shi ma abin yana damunsa, amma ai surukinta ne, ita ta gaya masa ya matsa.

Tabawa ta ce, "Malam, ko sunansa ba na iya kamawa, ni ce zan ce masa ya rage surutu?"

Ruwa ya ce, "Ni kuma kan tabarmarsa kike so in bi, in jiƙa wa dattijo wando?"

Kowa ya ga ɗan'uwansa ya fi shi gaskiya. Can Tabawa ta nuna masa ɗaya gefen dutsen, inda ƙasa ta yanke tsaye, kurmi yana can ƙasa kamar ganyen miya a tukunya. Ta ce daga gindin wurin zuwa fadama ba nisa. Ruwa ya matsa ya leƙa, jiri ya ɗebe shi, ya ja da baya. Ya ce shi tun da yake bai taɓa faɗowa daga sama ba sai da damina, kuma ko a lokacin ɗigo-ɗigo yake zuwa, ba gaba ɗaya ba.

Tabawa ba ta matsa masa ba. Ta miƙe tana karkaɗe zani, sai ta ce, kamar wadda ta tuna wani ɗan abu, jiya ta ji Baba yana cewa har yanzu bai tambayi dangin Ruwa ɗaya-ɗaya ba, rijiyoyi da ƙoramu da raɓa da na cikin randunan gari, kuma gobe zai fara. Ta ƙara da cewa ya aika wa amininsa Mazadu ya zo su gaisa tare. Mazadu kuwa kunnensa ya yi nauyi, kowace amsa sai an maimaita masa.

Ko haka aka yi, ko Tabawa ce ta je ta kai wa Mazadu labarin wurin zama mai inuwa, ni ban sani ba. Abin da na sani, da gari ya waye Ruwa ya gangaro a hankali ya leƙo ta bayan wani dutse, sai ya hango tabarma biyu ƙarƙashin marke, da ƙwaryar fura, da ƙunshin goro. Mutanen nan da shirin wuni suka zo.

Ruwa ya koma da baya a sace. Ya je bakin gaɓa ya tsaya, ya leƙa ƙasa, ya waiga wajen marke. Sai iska ta kawo masa muryar Mazadu yana tambayar ko baƙon ya iso. Ruwa ya runtse ido ya saki jiki.

Tsoro ya sa ya yi fari fat tun kafin ya kai rabi, kuma kun gani da idonku, har yanzu a wurin nan fari yake. Ya daki duwatsun ƙasa ya watse, ya tattara kansa ya ga ba abin da ya karye, ya zura da gudu. Ranar masu lambu ba su gama ɗaura wando ba ya iso. Albasar Tabawa ta sha ta ƙoshi, kafin mijinta ya dawo lawashi ya miƙe.

Su Baba Kakale kuwa suka yi ta jira har fura ta ƙare. Mazadu ya gaji ya tafi. Baba ya ji wata ƙara a cikin kurmi da bai taɓa ji ba, ya bi ta da sandarsa, sai ga abokin hirarsa yana faɗowa daga sama yana kumfa. Hankalinsa ya tashi. Ya ce lallai yaron nan zamewa ya yi, kuma wanda ya faɗi ai jaje ake yi masa. Ya shimfiɗa tabarma a gindin ruwan ya ce, "Sannu, ɗan nan. Ya jiki? Ina ne ya fi ciwo?"

Ruwa ya rasa yadda zai yi. Mai faɗowa ba ya iya tsayawa, ƙin amsawa kuma rashin kunya ne. Sai ya tattara duk amsoshin da ya sani, lafiya lau da madalla da da sauƙi da sai godiya, ya riƙa zubo su gaba ɗaya da iyakar muryarsa, duk tambayar da ta zo ta ɗauki wadda ta yi mata daidai. Baba Kakale bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga ana amsawa. Wanda ya gaisar ya wuce, wani yana saukowa a gurbinsa. Tun da aka haife shi bai taɓa samun abokin gaisuwar da bai tuna da wani aike ya sulale ba sai ranar. Daga nan kullum can yake wuni, ya dawo gida murya a dishe yana murmushi.

Shi ya sa har yau in kuka isa gindin ruwan nan ba kwa jin maganar juna sai kun ɗaga murya. Baba Kakale ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma Ruwa bai tabbatar ko an gama gaisuwar ba, kuma kunya ta hana shi tambaya.